Madubi ko Buri? Nazari a kan Waƙar Jarumta ta Hudhud a Ƙasar Filifin

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana cewa adabin baka madubi ne na rayuwar al'umma. Wannan batu yana da ƙamshin gaskiya, sai dai yakan sa manazarci ya ɗauki duk abin da ya ji a waƙa a matsayin hoton yadda mutane suke rayuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan ra'ayi da Hudhud, wato dogayen waƙoƙin jarumta na al'ummar Ifugao da ke zaune a tsaunukan arewacin tsibirin Luzon na ƙasar Filifin. Za a nuna cewa waƙar ta adana al'adu da dama, amma a jigonta na yaƙi abin da ta fito da shi buri ne, ba halin da ake ciki ba.

2.0 Muhallin Waƙar

Mutanen Ifugao manoman shinkafa ne, waɗanda suka sassaƙe jikin tsaunuka suka mai da su gonaki hawa-hawa. Ana rera Hudhud a lokacin shuka da girbi da zaman makoki. Jagorar waƙa, wadda ake kira munhaw-e, galibi dattijuwa ce. Ita ke jan zaren labari, 'yan amshi kuma su cike da sunayen taurari da na garuruwa tare da kirarinsu. Hukumar UNESCO, wadda ta sanya Hudhud cikin fitattun kayan gadon ɗan'adam a 2001, ta bayyana cewa waƙoƙin sun haura 200. Daga cikin waɗanda suka taskace su akwai Francis Lambrecht, limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, da Amador Daguio wanda ya fassara labarin Aliguyon a 1952.

3.0 Labarin Aliguyon

Aliguyon ɗan Amtalao ne na garin Hannanga. Da ya tasa, sai ya ɗaura aniyar yaƙar Pangaiwan na Daligdigan, tsohon abokin gabar mahaifinsa. Kafin ya fita sai da ya yi tsafi da zakara, ya kuma nemi ishara daga tsuntsun idao. Da ya isa, ɗan Pangaiwan mai suna Pumbakhayon ne ya tare shi. Suka yi ta jifar juna da mashi, kowa na cafe na abokin karawarsa yana mayar masa, har tsawon shekaru ba wanda ya kai wani ƙasa. Daga ƙarshe kowa ya yaba bajintar ɗan'uwansa, aka yi sulhu. Aliguyon ya auri Bugan, 'yar'uwar Pumbakhayon, shi kuma Pumbakhayon ya auri Aginaya, 'yar'uwar Aliguyon.

4.0 Inda Waƙar ta Zama Madubi

Babu shakka akwai al'adu na zahiri a cikin labarin. Neman ishara daga tsuntsu kafin tafiya, da yanka dabba don neman yardar magabata, da cin ganyen betel a wurin haɗuwa, wanda matsayinsa ya yi kusa da na goro, duk abubuwa ne da aka san Ifugao da su. Haka kuma taurarin duk 'ya'yan kadangyan ne, wato masu gonaki da dukiya. Saboda haka waƙar ke tsayawa tana siffanta duwatsun wuya da rumbunan shinkafa da shagulgulan aure. A nan daraja tana tafiya ne da shinkafa da dangi, ba da sarauta ba.

5.0 Inda ta Zama Buri

Matsalar tana tasowa ne idan aka zo kan yaƙi. Littafin R. F. Barton mai suna Ifugao Law (1919) ya nuna al'umma wadda ba ta da sarki ko alƙali, inda dangi ke ɗaukar fansar jinin ɗan'uwansu, sai kuwa wani mai shiga tsakani da ake kira monkalun. A wancan zamani gaba takan ci rayuka, har da saran kai. Amma a labarin Aliguyon an shafe shekaru ana gwabzawa ba tare da ɗaya daga cikin jaruman ya faɗi ba. Wanda ya ɗauki waƙar a matsayin madubi kurum zai zaci yaƙin Ifugao wasa ne.

Amsar tana ga masu rerawa. Mata ne, kuma su ne ke zama zawarawa idan mashi ya sami mutum. A bakinsu jarumta ta koma iya cafe mashi, ba iya kisa ba, kuma nasara ta koma surukuta. Shi kansa zubin labarin ya tabbatar da haka: an daidaita jaruman biyu a ƙarfi da asali da dukiya, ta yadda babu mafita sai aure.

Kwatanci da Biag ni Lam-ang ta mutanen Ilokano zai ƙara fito da wannan. A can Lam-ang ya karkashe waɗanda suka kashe mahaifinsa, fansa ta cika. Matsala ɗaya ce, wato gabar da ɗa ya gada, amma warwara biyu. Ke nan sulhun da ke cikin Hudhud zaɓi ne na masu waƙa, ba dokar wannan nau'i na adabi ba.

6.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa Hudhud madubi ce a ƙananan bayanai, amma a babban jigonta gyara ce ga rayuwa. Darasin da ke nan ga mai nazarin adabin baka shi ne, kafin ya ce waƙa ta nuna al'ada kaza, ya fara tambayar wa ke rera ta, a wane lokaci, kuma me yake fatan ya sauya. Idan aka raba Hudhud da bakin matan da ke girbi, kalmominta za su tsira a takarda, amma dalilin da ya hana mashin Aliguyon zubar da jini zai ɓace.