Tushino, 28 ga Satumba 1991: tarken fim ɗin bikin Monsters of Rock na Mosko

Ranar Asabar, 28 ga watan Satumba na shekarar 1991, aka yi wani babban bikin kiɗa a filin jirgin sama na Tushino, a arewa maso yammacin birnin Mosko. Ƙungiyoyi biyar suka hau dandamali: Pantera da The Black Crowes da Metallica daga Amurka, AC/DC daga Ostireliya, sai kuma E.S.T., wadda ita kaɗai ce ta ƴan ƙasa. Shiga kyauta ce, babu tikiti. A shekarar 1992 aka fitar da fim ɗin bikin mai suna For Those About to Rock: Monsters in Moscow, wanda Wayne Isham ya shirya. Wannan fim ne muke so mu duba a cikin wannan ɗan rubutu, ta fuskar kiɗan da ke cikinsa da kuma ta fuskar labarin da yake so mai kallo ya tashi da shi. Abin da ya sa muka ga ya dace kuwa shi ne, tun da gutsattsarin fim ɗin suka bazu a intanet ake ta kafa hujja da su, ana cewa wai gita ce ta kayar da mulkin kwaminisanci. Maganar tana da daɗin ji, amma tana bukatar a auna ta.

Mu fara da jerin ranaku, domin su ne suka fi sauƙin tabbatarwa. Daga 19 zuwa 21 ga Agusta 1991 wasu manyan jam'iyya da na soja da na hukumar leƙen asiri suka yi yunƙurin juyin mulki. Suka tsare Gorbachev a gidan hutunsa na Kirimiya, suka shigo da tankokin yaƙi cikin Mosko. Yeltsin ya hau kan wata tanka ya yi jawabi, jama'a suka kafa shingaye kewaye da ginin majalisar Rasha, samari uku suka rasa rayukansu, yunƙurin ya wargaje cikin kwana uku. Bikin Tushino ya zo ne sati biyar bayan haka, kuma an gabatar da shi a matsayin tukuici ga matasan da suka tsaya a shingayen. Ranar 25 ga Disamba Gorbachev ya sauka. (Masu karatu na nan gida za su tuna cewa a daidai wannan lokacin ana tsakiyar Taron Ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli aka rufe 3 ga Nuwamba, shekara ce da jam'iyyu masu mulki su kaɗai suka sha wuya a wurare da dama.) Ke nan lokacin da makaɗan suka sauka a Mosko, an riga an yi ta ta ƙare. Faɗuwar masu juyin mulki ce ta buɗe musu ƙofa.

Akwai kuma batun wanda ya ɗauki nauyi. Kamfanin Time Warner na Amurka ne ya tsaya wa bikin. A wancan lokacin Metallica tana fitar da faifanta a ƙarƙashin Elektra, AC/DC da Pantera kuma a ƙarƙashin Atco a Amurka, dukansu a lokacin rassa ne na wannan kamfani. Sabon faifan Metallica, wanda aka fi sani da baƙin faifai, ya fito ranar 12 ga Agusta, sati guda kafin juyin mulkin. Ba mu faɗi haka don mu rage wa bikin daraja ba. Duk wani babban biki akwai mai biyan kuɗinsa. Sai dai fim ɗin da kamfani ya yi a kan kyautar da ya bayar, ba a karanta shi kamar shaidar ɗan kallo. Haka ma batun yawan jama'a. Ana jin rabin miliyon, ana jin ƙasa da haka, amma adadin da ya fi yawo a yau shi ne miliyon 1.6. Tun da babu tikiti babu ƙidaya, duk ƙiyasi ne, kuma babba a cikinsu shi ne aka fi so a maimaita.

Kiɗan da filin

Ga wanda bai saba da wannan kiɗa ba, dukansa hayaniya ɗaya ce. Alhali kuwa fim ɗin ya haɗa salo uku ko huɗu da ba su yi kama da juna ba, kuma filin Tushino ya tona asirin kowane.

Abin da ya haɗa su shi ne gitar lantarki da ake ƙure wa na'urar ƙara sauti har muryarta ta dushe, ta yi kaushi da gangan. Idan aka ƙure na'ura haka, to haɗin sautuka uku ko huɗu da aka saba a sauran kiɗan Turawa yakan cakuɗe ya zama laka. Shi ya sa makaɗan suka rage haɗin zuwa sauti biyu: tushe da na biyar ɗinsa, waɗanda karkarwarsu take daidai da 2 da 3, don haka ba sa faɗa da juna ko da an ƙure su. A kan wannan haɗi ake gina ɗan gajeren zubi da gita ke ta maimaitawa, wanda za mu kira gindin kiɗa, kwatankwacin yadda muke cewa gindin waƙa. A irin wannan kiɗa gindin ya fi baitoci muhimmanci. Da shi ake gane waƙa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki.

To, a fili mai faɗin Tushino sauti yana da tasa doka. Yana tafiyar kimanin metir 340 a daƙiƙa guda. Wanda ke tsaye metir 340 daga lasifika, sai daƙiƙa ta wuce kafin bugun ganga ya iso kunnensa. Iska tana cinye siraran sautuka a hanya, ta bar masu kauri. Duk kiɗan da ya cika sauri, ya cusa bugu da yawa cikin ɗan lokaci, kafin ya kai bayan fili ya zama gunji.

Nan ne AC/DC ta fi kowa. Kiɗanta rok ne mai tsauri wanda saiwarsa ke cikin bulus na baƙaƙen Amurka. Hatta tafiyar agwagwa da Angus Young ke yi a dandamali cikin kayansa na ɗan lakwal, wajen Chuck Berry ya gaje ta. Amma ginshiƙin ƙungiyar wansa ne, Malcolm Young, wanda ke tsaye a baya kusa da ganguna, ba ya ko motsawa. A waƙa irin Back in Black ko Highway to Hell, yakan buga haɗi, ya kashe shi, ya bar rata, sannan ya sake bugawa. Wannan ratar ita ce sirrin. Tana ba sautin lokacin da zai ƙetare fili ya mutu kafin na bayansa ya iso, tana kuma ba jama'a gurbin da za su saka tafi ko ihu. Mutum ko bai san Ingilishi ba, yana iya shiga cikin wannan kiɗa daga bugu na biyu. A ganinmu, idan ana maganar abin da ɗan bayan fili ya ji a ranar, AC/DC ce ta ci bikin.

Idan kuwa ana maganar fim, Pantera ce. Samari ne huɗu daga kudancin Amurka, waɗanda faifansu Cowboys from Hell ya fito a 1990, kuma suka katse aikin naɗar faifai na gaba don su zo. Su suka buɗe, da rana tsaka, babu fitilu babu ado. Kiɗansu na ƙarfe ne tsantsa: Darrell Abbott yana danne tsirkiyoyin gita da gefen tafin hannu har sautin ya zama gajere kamar saran gatari, wansa Vinnie Paul yana bin sa bugu da bugu da manyan ganguna biyu na ƙafa. Kyamara tana son wannan, domin duk jiki ne da zufa. Amma mu lura, sautin da muke ji a fim ɗin daga na'urorin dandamali aka ɗauko shi, aka gyara shi a ɗakin naɗa. Tsabtar da muke yabawa a kiɗan Pantera, wadda sai da ita saurinsa ke da ma'ana, kunnen mai kallon fim ne ya same ta. The Black Crowes kuwa, kiɗansu na ɗaki ne, mai jan rai a hankali. A wannan fili sun zama baƙi, kuma fim ɗin bai ɓoye haka ba.

Metallica tana tsakani, kuma ita ce ta fi ba mai nazari abin faɗa. A shekarun 1980 da sauri aka san ta. A faifan 1991, tare da mai tsara sauti Bob Rock, ta rage gudu, ta taƙaita waƙoƙi, ta koma ga gindi guda mai nauyi, kamar na Enter Sandman. Tsofaffin masoyanta sun ce ta sayar da kanta. Tushino ya nuna cewa ta koyi kiɗan babban fili ne. Sai kuma Creeping Death, waƙar 1984, wadda jigonta annobar da aka saukar wa mutanen Fir'auna kafin fitar Bani Isra'ila daga Masar. A tsakiyarta kiɗa yakan lafa, jama'a su karɓi amshi na kalma ɗaya mai gaɓa ɗaya, suna ɗaga dunƙulen hannu. Dubban mutane a Mosko suna amsa waƙar faɗuwar Fir'auna sati biyar bayan faɗuwar masu juyin mulki: ina mai tarken da zai ga wannan bai yi sha'awar fassara shi ba? Sai dai a yi hattara. Ƙungiyar ba ta zaɓi waƙar don Mosko ba. Tana cikin waƙoƙin da ta saba yi duk inda ta je. Haka ma AC/DC: igwar da ta harba a ƙarshen wasanta, ita ce dai ta harba a Donington ta Ingila ranar 17 ga Agusta, kwana biyu kafin juyin mulkin, kuma akwai fim ɗin wancan wasan ga mai son gwadawa. Wasan ɗaya ne. Ma'anar da aka gani a Tushino, filin da jama'arsa ne suka kawo ta.

Kulki da kyamara

Hotunan da suka fi zama a zuciya su ne na jami'an tsaro: layin sojoji da ƴan sanda a gaban dandamali suna dukan jama'a da kulki, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi ƙasa ƙasa, sai kuma wasu sojojin da suka kwance ɗamara suna kaɗa kai tare da kowa. Isham gwanin gajerun finafinan waƙa ne, shi ya yi na Enter Sandman, kuma da wannan hannun ya yanka fim ɗin: daga kulki zuwa gita, daga fuska mai jini zuwa ganga. Saƙon a fili yake, ga tsohon mulki ga sabon ƴanci. Dukan gaskiya ne, an yi shi, kuma babu abin da zai wanke shi. Amma yankan ya mayar da shi adon kiɗa, ya kuma ɓoye abu biyu. Na farko, matsatsin gaban dandamali yana kisa ko a ƙasashen da babu jam'iyya ɗaya: mutum biyu sun mutu a Donington a 1988, uku kuma a wasan AC/DC na Salt Lake City a watan Janairun 1991. Na biyu, aikin soja tilas ne a Tarayyar Sobiyet daga shekara 18, saboda haka ƙananan sojojin da ke layin tsarar waɗanda ke gabansu ne. Sojan da ya kaɗa kai ba wai gita ta musuluntar da shi nan take ba. Mai yiwuwa ne ya san waƙoƙin tun kafin a ba shi kaki.

Wannan ya kai mu ga babban giɓin fim ɗin. Yana nuna matasan Mosko kamar masu ƙishi da aka kawo wa ruwa daga waje. Gaskiya ne hukuma ta tsani wannan kiɗa. Masanin halayyar al'umma Alexei Yurchak ya buga wata takardar ƙungiyar matasan jam'iyya ta 1985 da ta jera ƙungiyoyin da ba a so, har da AC/DC da Black Sabbath. Amma shi Yurchak ɗin ya nuna cewa da yawa daga masu kwafar kaset hannu da hannu ƴan ƙungiyar matasan jam'iyyar ne, kuma ba su ɗauki kansu ƴan adawa ba. Ƙasar tana da nata rok: an buɗe kulob ɗin rok na Leningrad a 1981, ƙungiyar Aria tana kiɗan ƙarfe da Rashanci tun 1985, kuma lokacin da Viktor Tsoi na ƙungiyar Kino ya mutu a haɗarin mota a watan Agustan 1990, matasa sun yi makokinsa a duk faɗin ƙasar. Ba kuma Tushino ne karon farko da manyan Yamma suka zo ba. A watan Agustan 1989 Scorpions da Ozzy Osbourne da Bon Jovi sun yi wasa a babban filin wasanni na Luzhniki, da yardar hukuma. Duk wannan tarihi, ɗan gurbin da aka ba E.S.T. ne kawai ke wakiltarsa a fim ɗin, kuma gutsattsarin da ke yawo a intanet ba safai suke ɗauke da ita ba.

Darrell Abbott an harbe shi a kan dandamali a jihar Ohayo a watan Disambar 2004. Malcolm Young ya rasu a 2017, Vinnie Paul a 2018. A filin Tushino an gina gidaje da filin ƙwallon Spartak, wanda aka buɗe a 2014. Da Metallica ta koma Mosko a watan Yulin 2019, a Luzhniki, Robert Trujillo da Kirk Hammett sun tsaya su biyu suka yi wata waƙar Kino, Trujillo yana rera ta da Rashancinsa na koyo, filin ya karɓe ta daga bakinsa.