"Dear Mama": ɗan da ya faɗi laifin uwarsa, ya kuma gode mata

Ƴan uwa, ran nan a fadarmu ta Akokan, ana kan shayi na biyu, wani ya kunna "Dear Mama" ta Tupac Shakur a wayarsa. Cikinmu babu mai jin Ingilishi sosai, lakwal Faransanci ta koya mana, amma kowa ya yi tsit. Da wani ɗan lise ya fassara mana ita baiti-baiti, sai gardama ta kaure. Wani ya ce wannan ai rashin tarbiyya ne, ɗan halal ba ya tona asirin uwarsa a bainar jama'a. Gardamar nan ce ta sa ni wannan rubutu.

Waƙar ta fito a watan Fabrairu 1995, cikin kundin Me Against the World, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Amurka alhali mai shi yana kurkuku. Uwar da ake wa waƙar, Afeni Shakur, ƴar ƙungiyar Black Panther ce. Da cikin Tupac ta zauna gidan kaso a New York, ta kare kanta da bakinta gaban kotu, aka wanke ta a watan Mayu 1971, ta haife shi ranar 16 ga Yuni. Daga baya talauci da hodar iblis suka kama ta.

Duk wannan yana cikin waƙar, kuma nan ƙarfinta yake. Tupac ya ambaci shaye-shayen uwarsa, ya ambaci korar da ta yi masa daga gida, ya ambaci uban da bai san zafinsu ba. Bayan haka sai ya tuna matar da take dawowa aiki a gajiye ta ɗora tukunya da ɗan abin da ya samu. Da yabo zalla ya yi, da mun ce kowa ma yana yi. Da yake ya fara faɗin mai ɗaci, godiyar tasa ta shiga jiki. Kiɗan kuma ya taimaka: Tony Pizarro ya ɗora shi kan sanyin fiyanon Joe Sample, Tupac ya sauke murya, ya bar ihun da aka san shi da shi, kamar yaron da ya durƙusa bakin ƙofar ɗakin innarsa.

To amma kar mu rufe ido. Hukuncin da ya kai shi kurkuku a lokacin na cin zarafin wata mace ne. A wasu waƙoƙinsa kuma yana kiran mata da sunayen da ba za ka iya maimaitawa gaban ƙanwarka ba. Wannan ciwo namu ne mu ma. Saurayi zai sa hoton tsohuwarsa a Facebook, ya rubuta aljanna tana ƙarƙashin ƙafarta, da yamma ya tare ɗiyar wani a hanya da zagi. Ita ma fa uwar wani ce gobe. A ganina nan waƙar ta gaza: ta ɗaga mace guda, sauran ta bar su inda suke.

Ga mai cewa tonon asiri ne, ina ganin yana da rabin gaskiya. Mu da kunya aka rene mu, kuma ba na kiran kowa ya hau makirfo ya lissafa kurakuran innarsa. Sai dai kunyar ta sa waƙoƙinmu na iyaye mata duk sun zama iri ɗaya: wata tara a ciki, nono, goyo, Allah ya saka. Gaskiya ne, amma ba ka ganin fuskar kowa a ciki. Tun da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, maza nawa suka nufi haƙar zinari a Tchibarakaten ko suka ƙetara Tamanrasset? Wa ya riƙe gidajen? Matar da ke tuya ƙosai tun asuba cikin ƙurar hunturu, da wadda ta sayar da kayan ɗakinta don kuɗin jarrabawa, da wadda ranta ya ɓaci ta huce a kanka, ta kwana tana nadama. Ina waƙarsu? Amina Weira ta ɗauki kyamara ta yi fim ɗin La colère dans le vent a 2016 kan garin nan da mahaifinta ma'aikacin ma'adini. Masu rap ɗinmu har yanzu suna bin iyaye mata bashin irin wannan aiki.

An harbe Tupac a Las Vegas, ya mutu ranar 13 ga Satumba 1996 yana da shekara 25. Afeni ta rayu har 2016, shekara ashirin tana jin godiyar ɗanta a rediyo, shi kuwa yana kabari. Ya samu ya faɗa mata tun suna tare. Kai da kake riƙe da wannan ƴar takarda, in taka tana raye, ka rubuta nata baitin da sunan unguwarku da irin sana'arta, ka karanta mata, ko da za ta ce maka tashi ka ba ni wuri.