Hannun Sharu Bala da aikin mai ɗab'i

Duk wanda ya yi karatun allo a cikinmu ya san Alƙur'ani na hannun Sharu Bala, wato Mahiru Sharif Bala na Gabari a Kano. Sunan malam muke kira, amma aikin na mutum biyu ne. Malam ya rubuta da alƙalami, mai ɗab'i ya ɗauki hoton kowace warƙa ya sauke ta a kan farantin ƙarfe. Dabarar tsohuwa ce, Alois Senefelder ya gano ta a Jamus a 1796, a kan dutse: mai da ruwa ba sa haɗuwa, don haka tawada mai maiƙo sai ta kama inda rubutu yake, wurin da ruwa ya jiƙa ya ƙi ta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kowane launi da farantinsa. Baƙi a buga shi daban, jan wasali daban, kuma tilas ja ya sauka daidai inda malam ya ajiye shi. A tsohon bugun da dattawanmu ke adanawa cikin gafaka, mai ɗab'in ya cancanci yabo. Wasali na zaune a kan baƙinsa, ɗigon imala ya fito sarai, har kaurin alƙalami da sirancewarsa a wutsiyar harafi kana gani. Zayyanar kan izu kuwa kamar jiya aka yi ta.

Amma wasu kofe masu araha da ake kawo mana kasuwar Lafiya yanzu, wallahi abin sai addu'a. Hoton hoto ne aka ɗauka. Ja ya goce, wani wurin ma an maishe shi baƙi don a rage kuɗi. A rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da guda a sama, ɗigo ɗaya ya dushe yaro ya karanta wani abu daban, ya kuma haddace shi haka.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san takarda ta yi tsada. Duk da haka, mai saro wa makarantun unguwa ya buɗe ya duba zaman jan kafin ya biya, in ya goce ya mayar wa dillali kayansa.