Harshe da Jigo a Finafinai Uku: Awo da Kunnen Manomin Dogo-Dogo

1.0 Gabatarwa

Dogo-Dogo ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin jihar Damagaram, kusa da iyakar Nijeriya. Da can tana ƙarƙashin gundumar Magarya, kafin a yanke gundumar Dungas a shekarar 2011. Akasarin mutanenta manoman gero da wake da gyaɗa ne, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na zaure. An ɗauki manomin wannan yanki a matsayin ma'auni ne saboda dalili guda: shi mai kallo ne wanda fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo da Faransanci ko Turanci ba ta yi masa amfanin komai, sai abin da idonsa ya gani da wanda kunnensa ya ji. Da wannan ma'auni za a auna finafinai uku na ban tausayi daga zamani daban-daban, wato Mother India (1957) da Shaihu Umar (1976) da Sarraounia (1986), domin a ga inda harshe ya taimaki jigo da inda rashinsa ya raunana shi.

2.0 Mother India

Mehboob Khan ne ya shirya wannan fim da harshen Hindi, Nargis ta fito a matsayin Radha. Tushen labarin bashi ne. Surukar Radha ta ranci rufi 500 a wajen mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don hidimar aure. Da gardama ta tashi kan sharaɗin bashin, dattawan gari suka ba mai kuɗi gaskiya, aka wayi gari kashi uku cikin huɗu na amfanin gona yana tafiya wajen biyan kuɗin ruwa. Dutse ya murƙushe hannuwan mijin, ya bar gida don kunya. Ambaliya ta cinye gona. Daga ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya ɗauke 'yarsa, ita kuwa Radha ta harbe ɗan nata da hannunta don kare mutuncin 'yar gari.

Fim ɗin ya yi shekaru da dama yana cika gidajen sinima a ƙasar Hausa, alhali masu kallon ba su jin Hindi. Dalili kuwa shi ne an gina jigonsa a kan abubuwan da ido ke karantawa ba tare da tafinta ba: tsibin hatsi a masussuka ana aunar wa wani, mace tana jan garma a madadin sa, yara suna kwana da yunwa. Duk wanda ya taɓa cin bashi da damina ya biya da dami a kaka ya san wannan labari. Aibin fim ɗin shi ne tsawo da yawan kuka, da kuma yadda aka mai da Sukhilala mugu tsantsa, har laifin tsarin rance ya koma laifin mutum ɗaya.

3.0 Shaihu Umar

Adamu Halilu ne ya shirya shi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da littafin wasan kwaikwayo. A nan harshe da jigo sun haɗu wuri guda. Malami ne zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa: yadda hassada ta sa aka kori mijin uwarsa, Makau, daga gari, yadda shi kansa ya faɗa hannun masu cinikin bayi har wani Balarabe, Abdulkarim, ya ƙetare Sahara da shi, da yadda uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Labarin ba baƙo ba ne ga mutumin Damagaram, domin a ƙarni na 19 babbar hanyar ayari daga Kano zuwa Tarabulus ta Zinder take bi.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin maganarsa. Gaisuwar fada, da ladabin almajiri gaban malami, da yadda ake sakaya zance a wurin da bai kamata a fito fili ba, duk suna ɗauke da rabin ma'anar wasan, kuma abubuwa ne da fassara ke zubarwa. Rauninsa kuwa biyu ne. Na farko, sau da yawa na'urar ɗaukar hoto tana tsayawa ta saurari masu magana kamar a dandamali, har tafiyar labari ta yi nauyi. Na biyu ya samo asali daga littafin, wato an nuna zafin bauta amma an warware shi da haƙuri da ƙaddara, ba a tuhumi cinikin kansa ba. Sai dai babbar hasarar ba ta fasaha ba ce. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru kusan 40, sai a 2016 aka gano faifansa a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ke nan Bajamushe ya fi manomin Dogo-Dogo sauƙin ganinsa.

4.0 Sarraounia

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya ɗauko labarin daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, wanda aka rubuta da Faransanci. Labari ne na Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ragowar wannan runduna ce ta ci Damagaram a yaƙin Tirmini cikin watan Yuli na shekarar, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987, kuma ya cancanta. Babu sassauci a yadda ya nuna ƙone garuruwa, da yadda girman kai ya haukata Voulet har sojojinsa suka juya masa baya.

Amma an ɗauki fim ɗin a Burkina Faso ne, bayan shirin ɗaukarsa a Nijar ya wargaje, kuma Aï Keïta, 'yar Burkina, ita ta fito a matsayin Sarauniya. Harsunan da suka rinjaya a cikinsa su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Sakamakon haka Sarauniyar Aznan Hausa tana yi wa mayaƙanta jawabi da harshen da jikokinsu ba su ji. Kirari da take da zuga, waɗanda su ne ruhin fagen fama a ƙasar Hausa, an musanya su da na wasu. Bugu da ƙari, a kashi na biyu na fim ɗin hankali ya koma kan hafsoshin Faransa, ita kuma mai sunan ta ja baya. Tarihin na manomin Dogo-Dogo ne, amma sai an yi masa tafinta kafin ya ji shi.

5.0 Kammalawa

Abin da awon ya nuna shi ne, Mother India ya iso da jigo ba harshe, Sarraounia ya ɗauki tarihin gida ya bar harshen gida, Shaihu Umar kuwa ya haɗa biyun amma bai iso ba. Tun daga Turmin Danya (1990) finafinan bidiyo na Kano suka toshe giɓin harshe, daga baya kuma masu fassara irin su Algaita suka sa 'yan Indiya magana da Hausa. Duk da haka, karin Kananci ne ya mamaye allo, jigon kuma ya fi karkata ga soyayyar birni. Ko Zin'naariyâ! (2016) na Rahmatou Keïta, wanda aka gina labarinsa a masarautar Damagaram, Hausa ɗaya ce kawai cikin harsunansa, tare da Zabarmanci da Fulatanci, kuma labarin gidan sarauta ne. Aikin da ke gaban masu shirya fim da masana harshe uku ne: a juya Sarraounia zuwa Hausa da muryoyin mutanen Arewa, a kai Shaihu Umar kasuwannin karkara, sannan a nemi marubucin da zai ɗauki bashin kaka da cin rani ya gina wasa a kansu da Damagaranci. Labarin Radha yana nan a masussukar gero tsakanin Dungas da Magarya, mai ba da shi ne bai fito ba tukuna.