Katun ɗin Yara da Fuskokin Ƙasar Guddiri

A Azare, kamar sauran garuruwan Arewa, tatsuniyar dare ta ja baya, katun ya maye gurbinta. Da an kawo wuta sai yara su yi cincirindo gaban talabijin, in babu kuma su koma wayar uwa. Shekara da shekaru abin da suke gani shi ne Tom and Jerry da shirye-shiryen tashoshin Larabawa irin su MBC3 da Spacetoon, inda da ƙyar ake cin karo da baƙar fata.

An samu sauyi, kuma ya cancanci yabo. A 2010 Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino daga Abuja, labarin wa da ƙanwa 'yan Nijeriya masu son sanin tarihi da al'adun Afirka. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya, wanda aka kafa a 2013, ya yi Akili and Me, aka juya shi zuwa Hausa, Arewa24 ta nuna. Manyan kamfanonin Amurka ma sun shigo: Netflix da Supa Team 4 na 'yan matan Lusaka a 2023, Disney da Iwájú a 2024, wanda ya ɗora labarinsa a kan Legas, sai Iyanu a 2025 da ya ɗebo daga al'adun Yarabawa.

To, amma ma'aunin da ake auna wakilci da shi na Amurka ne, wato launin fata. A can yana da dalili, saboda tarihin bauta da wariya. A nan kowa baƙi ne. Abin da ya bambanta mutane shi ne harshe, asali, sutura, sana'a da abinci. Ko Sesame Square, shirin 'yar tsana da NTA ta fara nunawa a 2011, ya nuna haka: tauraronsa Zobi mayen doya ne. Yaron Gamawa da ya tashi da tuwon gero da fura zai yi dariya, amma ba gidansu yake kallo ba. Juya murya zuwa Hausa ma rabin aiki ne, domin gidaje da bishiyoyi da tufafin da ke cikin zanen na wata ƙasa ne, Hausar kuma ta Kano ce, ba Guddiranci na ƙasar Katagum ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake dunƙule Arewa ta zama mutum ɗaya mai babbar riga da hula. Wanda ya san Katagum ya san wannan ƙage ne. Masarautar da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, wadda hedikwatarta ta dawo Azare a 1916, a da tana kan iyakar Daular Usmaniyya da Barno ne, don haka ta tara Fulani da Hausawa da Barebari da Karekare da Badawa, aka yi auratayya har jini ya cakuɗe. Kuma ƙasa ce da ta san zafin rashi: Shiranci da Teshenanci, dangin harshen Bade, sun mutu, Hausa ta haɗiye su. Duwatsun Shira suna nan da zanen mutanen dā a jikinsu, amma babu mai magana da harshen da aka san garin da shi. Yaro Bakarkare da ke girma a Azare yau, idan bai taɓa jin harshen kakarsa a bakin wani jarumin da yake so ba, me zai hana shi ɗaukar harshen a matsayin abin ƙauye?

Dalilin wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne. Katun na cin kuɗi da lokaci, mai zuba jari kuwa babbar kasuwa yake nema, shi ya sa Turanci ke gaba, sai manyan harsunan Nijeriya uku, sauran su bi iska. Kannywood, da ta fi kowa kusa da mai kallo, ta fi karkata ga soyayya da rikicin aure, ta bar yara a baya.

Kayan labari kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ga Gizo da Ƙoƙi. Ga wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, wanda ke koya wa yaro cewa bambanci abin raha ne, ba abin gaba ba. Da wuya a samu darasin zaman tare da ya fi shi dacewa da katun. Ga masunta a kogin Jama'are, ga makiyaya, ga ranar kasuwa inda harsuna ke cuɗanya.

Ba sai an jira Disney ba. Kwamfuta ɗaya da matasa masu iya zane sun isa a fitar da shirin minti biyar a YouTube. Ina kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, su naɗi tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi da harsunansu na asali tun suna raye, masu hali na Katagum kuma su ɗauki nauyin mayar da su katun.