'Yan Ubanci da 'Ya'yan Dara: Matsayin Mace a Finafinan Sarauta

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Kwanar Dangora, ko ya tsaya a shagon masu tura finafinai a waya a Bebeji ko Tudun Wada, ya san irin farin jinin da finafinan sarauta suke da shi. Da zarar an ga rawani da alkyabba, an ji algaita da tambari, sai majalisa ta yi tsit. Kafin a yi nisa kuma mai kallo ya riga ya san inda aka dosa: sarki ya tsufa, 'ya'yansa biyu suna hararar juna, ga wata budurwa an ajiye a tsakani. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, wannan zubi yana tauye mace, yana kuma ɓoye ainihin dalilin da ke raba 'yan'uwa a gidan mulki.

Zubin ya girmi fim. Yana nan a labarin Bayajida, wanda kowane ɗalibin Hausa ya sani. Mata uku ne a cikinsa, kuma kowacce tsani ce ga tafiyar namiji. 'Yar Sarkin Borno an aura masa ita, ya bar ta a Garun Gabas da juna biyu. Daurama, wadda take mulkin gari da kanta, ta koma ladan kashe macijin Kusugu. Bagwariya kuwa kyauta aka yi da ita. Hatta sunayen 'ya'yan, Karɓagari da Bawo, habaici ne tsakanin iyaye mata a kan wanda zai gaji gari. Mu mutanen kudancin Kano labarin bai yi mana nisa ba, domin Kano da Rano duka ana lissafa su cikin jikokin wannan gida. Labarin ya fara da sarauniya mai iko, ya ƙare da jerin sarakuna maza, kuma ba kasafai ake tsayawa a tambayi yadda aka yi haka ba.

Finafinai sun gaji wannan gini, suka ƙara masa ado. A Sangaya, wanda ya yi tashe wajen shekarar 2000, Fati Muhammad ta fito a matsayin Zubaina, yarinya mai hidima a gidan sarauta, Ali Nuhu kuma yarima. Masu kallo sun tausaya wa Zubaina, amma mafitarta ɗaya ce tak: yarima ya so ta. Darajarta ba daga aikinta ko hankalinta ta fito ba, daga zaɓin ɗan sarki ta fito. A Bahubali na Indiya, wanda ya fito kashi biyu a 2015 da 2017 kuma ya zagaya ƙasar Hausa cikin fassara, abin ya fi fitowa fili. Bahubali da Ballaladeba 'ya'yan wa da ƙani ne da uwa ɗaya ta raina. Ballaladeba ya nemi Debasena ne don ya san ɗan'uwansa yana son ta. An nuna mana ita gwanar baka da kibiya, mai faɗar gaskiya a gaban fada, sannan aka ɗaure ta da sarƙa shekara 25 tana jiran ɗanta ya zo ya cece ta. Jarumtakarta ado ce. Aikinta a labarin shi ne ta zama abin da ake ƙwace da abin da ake ƙwatowa, tamkar ɗan dara da ake turawa daga gurbi zuwa gurbi.

Wani zai ce ai haka tarihi yake, fim madubi ne kawai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin auren siyasa tsohon abu ne a gidajen mulki. To amma mu auna ta da Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895. Sarki Abdullahi Maje Karofi da Sarki Muhammadu Bello uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'ya'yan Ibrahim Dabo da Shekara. Da Bello ya hau gado, sai ya raba 'ya'yan wansa da sarautu, ya ɗaukaka ɗansa Tukur zuwa Galadima. Da ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufu ɗan Abdullahi kuma ya fice zuwa Takai da jama'arsa. Babu wata budurwa da aka yi wannan yaƙi dominta. Sarautu ne, da ƙasa, da haraji, da hannun Sakkwato. Fim ɗin da ya mayar da irin wannan rikici kishin soyayya ya sauƙaƙa wa kansa aiki, ya kuma ɗora wa mace laifin da kwaɗayin maza ya haifar.

Inda mace ta shiga labarin Basasa ma darasi ne. Bayan rasuwar Yusufu a 1894, jagoranci ya koma hannun ƙaninsa Alu, wanda mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Wannan nasaba ta ɗaki ta ba shi ƙima a idon Sakkwato. Ke nan uwa a gidan sarauta ba abin ado ba ce, ginshiƙi ce ta halascin mulki. Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa kuma kakar Sarki Kisoke, a cikin masu faɗa a ji na zamaninta. Nana Maryam 'yar Shehu Usmanu, matar Dabo, malama ce da ake jin maganarta a fada. Ina finafinan waɗannan mata? Abin da ake ba mu a madadinsu shi ne Fulani mai zuwa wurin boka, da jakadiya mai kai gulma, da gimbiya mai kuka a bayan labule.

Akwai kuma wasu da kyamara ba ta waiwaya: talakawan karkara. A Basasa su aka ci garuruwansu, su aka kama aka bautar. A farkon Fabrairun 1903, Bebeji ce ta fara shan igwar Turawa a hanyarsu ta zuwa Kano, Alu yana can wajen Sakkwato. Daga baya aka naɗa ɗan'uwansa Abbas. Ko a zamaninmu, an mayar da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin masarautar Rano a 2019, aka dawo da su Kano a 2024. Manomin Doguwa ya san cewa sauyin fada yana taɓa hakimi da dagaci da mai unguwa, amma a fim matsayinsa bai wuce ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe ba.

Ba ana cewa a daina fim ɗin sarauta ba ne. Hausawa sun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya, don haka 'yan ubanci zai ci gaba da ba marubuta abin rubutawa. Abin da ake nema shi ne marubuci ya ba mace buri nata na kanta, ya bar ta ta yanke shawara ta kuma ɗauki sakamakonta, ya nuna abin da 'yan'uwa suke faɗa a kansa da gaske. Yarinyar da take kallo a Kiru tana koyon abin da mace take iya zama daga abin da aka nuna mata. Idan tarihin ƙasarta ya san Auwa da Maryam, bai kamata fim ya riƙa nuna mata ɗan dara kaɗai ba.