Apolo a Hanyar Damargu: Tsokaci kan Hotunan Littafin Barth

A nan za mu ɗan yi tsokaci ne kan hotunan littafin tafiyar Heinrich Barth (1857-1858). Tun ƙarni na 18 masu zanen ɗab'i na Turai suka koma ga alamomin Girka da Rum: karyayyen ginshiƙi na nufin daular da ta shuɗe, Apolo kuma haske da tsari. Da wannan ido Barth ya taso, don kuwa digirinsa na 1844 a Balin kan kasuwancin Korinti ya yi shi.

Shi ya sa da ya tarar da zanen dutse a kwarin Telisaghe a 1850, wasu biyu masu kawunan dabbobi da sa a tsakaninsu, sai ya ce Apolo ne da Hermes suke jayayya kan shanu. A ganinmu sunan ya riga kallon, an kuma ƙwace wa mai sassaƙar labarinsa.

Da ya iso Damargu a Janairun 1851 bai iske ginshiƙi ko gunki ba, sai rumbunan hatsi, kuma a nan bayaninsa ya fi gamsar da mu. Amma a lura, J. M. Bernatz, wanda ya mayar da zanensa hotunan ɗab'i, bai taɓa taka Damargu ba.